Gadon da Muka Gina wa Kaka a Ƙuba

Wanda ya gina gidanmu na unguwar Ƙuba a Madina zafi kaɗai ya sani. Ƙasa tayil, bango bulo, rufi can sama, kowane ɗaki kuma da rami a bango inda aka cusa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, aka bar gefe da gefe iska na shiga yadda ta ga dama. Mafi yawan shekara muna sa wa maginin albarka, in hunturu ya zo mu lallaɓa da barguna har ya wuce. Amma akwai shekarar da sanyi ya shigo Madina kamar baƙon da bai da niyyar tafiya. Lokacin na gama kwalejin malamai, ina zaune a gida ina jiran a tura ni makaranta, ba ni da aiki sai sa ido da tsokana. Ruwan tankin saman rufi ya koma abin tsoro, alwalar asuba sai an yi ta maza. Wani maƙwabcinmu ya rantse ya ga ɓawon ƙanƙara a kwatamin gonar dabino, muka ce ya cika zuƙi ta malle, washegari yayana ya je ya dawo da guntunta a tafin hannu.

Mu dai dariya muke yi, muna yawo a tsakar gida da barguna a ka. Wadda abin ya taɓa da gaske ita ce Kaka, mahaifiyar babanmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, ita ta koya mini Hausar da nake rubutu da ita, don a ɗakinta na tashi. Tana ƙarama iyayenta suka baro ƙasar Katsina da ita a ƙafa, suka yi shekaru a hanya kafin su iso. Buri ɗaya ya rage mata a duniya, kowa a gidan ya haddace shi: ta mutu a Madina, a binne ta a maƙabartar Baƙi'a. Saboda haka ta daina kwana a wajen gari, ko umara aka ce ta zo a je sai ta ce ita ta yi tafiyarta tun tana yarinya, ta gama.

Tari ya kama ta, irin mai fito a ƙirji. Baba ya kira wani likita mutumin Zariya da suke salla masallaci ɗaya. Ya saurari ƙirjinta, ya dubi ɗakin, ya ja rigar sanyinsa ya ƙara rufe wuya. Ya ce magani zai bayar, amma dole ɗakin ya yi ɗumi dare da rana, kuma ban da hayaƙi, ba gawayi ba kananzir. In hakan ba zai yiwu ba, a kai ta inda ba sanyi har lokacin ya wuce. Kafin la'asar maganar ta isa Jidda, wurin Baffa, yayan babanmu. Ya bugo waya ya ce Jidda ko fanka ba a kashe ba, zai zo Alhamis ta sama ya ɗauke ta.

A nan gizo ke saƙa, domin Baffa ne ɗan farin Kaka. Ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada, ba ta rage ko ƙwaya ba. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "mutumin Jidda" take ce masa. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Mu da aka haifa a nan abin dariya yake ba mu, ga mutum da furfura a gemu amma uwarsa ba ta iya kallon fuskarsa. Wadda ba ta iya kallonsa kuwa ina za ta iya musu da shi? In ya ce "Inna, tashi mu tafi," tashi za ta yi ta bi shi, ko da zuciyarta na tsagewa.

Da yamma ta jawo ni kusa. "Ke, saurara," in ji ta. "In mutumin Jidda ya zo ya tarar da ɗakin nan kamar randa, tafiya ta tabbata. In kuwa na mutu a can, ban yafe wa kowa a gidan nan ba, har kyanwa."

Na yi dariya, amma ita ba ta yi ba.

Washegari Baba ya shigo da daffaya, abin ɗumama ɗaki mai sanduna da ke yin ja in an kunna. Gidajen Madina na wancan lokaci wuta iri biyu ce a cikinsu, mai rauni da mai ƙarfi, kuma a gidanmu babu wanda ya san wane soket ne wane sai yayana, mai karatun lantarki, shi kuma yana makaranta. Baba ya cusa ta a soket ɗin da ya fi kusa da gadon Kaka. Muka kewaye ta muna jira. Can sai sandunan suka ɗan yi ja-ja kamar garwashin jiya, don ta wuta mai ƙarfi ce aka sa a soket mai rauni. Kaka ta miƙa ƙafa ta taɓa, ta janye.

"Wannan ita ma sanyi take ji," ta ce. "Ku rufa mata bargo."

Umma ta aika aka aro ta maƙwabta. Ashe ita ta wuta mai rauni ce, Umma kuma da zafin nama ta kai ta soket ɗin bayan ƙofa, na mai ƙarfi. Ta yi haske kamar walƙiya, ta yi ɗumi mai daɗi na ɗan lokacin da bai isa a ce alhamdu lillahi ba, sai ƙara da ƙauri. Haka muka mayar wa maƙwabta gawarta tare da sabuwa da ban haƙuri.

Da yayana ya dawo ya ji labari, ya riƙe kai ya yi ta faɗa da Larabci. Kaka ta ce, "Angona, bar surutu. Ka bar amaryarka a cikin sanyi kana yawo, wane irin miji ne kai?" Haka take tsokanarsa tun yana cikin zanen goyo. Ya zage ya tattaro daffaya uku daga dangi, ya sa kowace a inda ya dace, ya ce mu matsa mu ga aikin masana. Ɗakin ya fara ɗumi kuwa, har Kaka ta sauke bargo ɗaya. Sai ƙanwata ta kunna tukunyar ruwan zafi ta bayi, wuta ta ɗauke gidan gaba ɗaya. Aka je akwatin mita aka ɗaga, ta sake faɗuwa. A karo na gaba soket ɗin ya narke ya yi baƙi. Yayana ya duba wayoyin ya ce tsofaffi ne, daffaya ɗaya kawai za su ɗauka, in aka matsa musu gobara za a yi. Daffaya ɗaya kuwa a wannan ɗaki mai dogon rufi, ƙafar mutum kawai take gasawa ta bar bayansa yana kaɗawa. Muka toshe gefen mukayyif da tsofaffin matasai da haramin da Baba ya yi aikin hajji da shi, duk da haka in ka yi magana sai ka ga tururin bakinka.

Muna zaune a ɗakinta, sai Kaka ta ce da a garinsu ne da ba a sha wannan wahala ba. Kakarta tana da gadon ƙasa. Da yumɓu ake gina shi a jikin bango, cikinsa rami, da ɗan baki a gefe. Da magariba a zuba garwashi a ciki, gadon ya sha zafi, tsohuwa ta kwanta har safe ba ta san ana sanyi ba. Ta ce a bayan kakar nan tata take kwana, kuma tun da suka baro ta a ƙauye ba ta ƙara jin ɗumi irin wannan ba.

Na ce likita ya hana garwashi. Umma, wadda ke neman hanyar wanke kanta daga kisan daffayar maƙwabta, ta ce to a sa duwatsu mana. Duk ɗan Madina ya san baƙaƙen duwatsun da suka kewaye garin, in rana ta dake su da bazara har bayan isha ba a iya zama a kansu. A gasa su a tsakar gida, hayaƙi ya tsaya a waje, a shigo da zafin kawai. Baba ya tambayi likita a masallaci. Ya ce bai taɓa rubuta wa majiyyaci dutse ba, amma in busassu ne kuma ba toka a jikinsu, bai ga laifi ba.

Gidan ya rikice da murna. Baba ya aro a-kori-kura, ni da ƙanwata muka bi shi bayan gari, muna tattare abaya muna jidar duwatsu muna zaɓe kamar masu sayen kankana. Wani tsoho mai gonar dabino ya ba mu yumɓu, ya tambayi abin da za a yi da shi, da aka ce masa gado sai ya dubi Baba da tausayi ya yi masa addu'ar buɗi. Aka mayar da Kaka ɗakin Umma saboda ƙura. Matsala ɗaya ce: duk cikinmu babu wanda ya taɓa ganin gadon ƙasa ko a hoto. Yayana ya ɗauko tef ɗin awo ya sami Kaka, yana gauraya Larabci.

"Ya Sitti, tsawonsa kam?"

"Yi mini Hausa, angon banza."

"Tsayinsa daga ƙasa, ina yake kawowa?"

Ta miƙe da ƙyar, ta lumshe ido kamar tana ganinsa, ta ɗora hannu a ƙirjinta. "Nan yake kawo mini. In zan hau sai na kama da hannu biyu na yi tsalle."

Ya auna daga ƙasa zuwa hannunta, ya ce, "Halas," ya fita. Ni ma ina wurin, na ji maganar tsallen nan da kunnena, ban kawo komai a raina ba.

Ya jera bulo, ya ɗora faifan ƙarfe a sama, muka kwaɓa yumɓu da ƙafa muna ihu don sanyinsa, muka shafe ciki da waje. Sai yumɓu ya ƙi bushewa, ga Alhamis tana matsowa. Ƙannen Baba mata suka zo daga unguwar Aƙiƙ kowace da istishwar ɗinta na busar da gashi, suka jeru suna hura wa gado iska kamar masu yi wa amarya gyaran kai. Wuta ta ɗauke, aka ɗaga, suka ci gaba. Daga baya muka gane a zuba gasassun duwatsu a ciki ya bushe da kansa. Ɗakin ya cika da tururi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙamshin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har ɗakin Umma, na tarar da Kaka ta ɗaga hanci tana shaƙa, ni kuwa ban tsokane ta ba.

Ana gobe Baffa zai zo gado ya bushe. Muka shimfiɗa tabarma da 'yar katifa, aka riƙo Kaka, yayana na gaba yana taku kamar wanda ya gina hasumiya. Ta shigo ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi abin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan mene ne?"

"Gadonki ne, amarya," in ji yayana.

"Ni zan hau, ko limamin Juma'a?"

"Wallahi ke kika ce ƙirji! Na auna!"

Ta matsa ta tsaya a jikin gadon, ya kawo mata ƙirji cif. Tana cikin lissafi, sai a lokacin abin ya faɗo mini.

"Kaka, lokacin da kike tsallen nan, shekarunki nawa?"

"Ban yi famfara ba tukuna," ta ce a hankali.

Umma ce ta fara zubewa ƙasa. Baba ya fita tsakar gida yana riƙe da ciki, ƙannensa suka rungume juna suna hawaye. Mun gina wa tsohuwa gado da awon yarinyar da ko haƙoran nono ba ta zubar ba. Kaka ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta muka tsorata. Babu lokacin rushewa, ba a fafe gora ranar tafiya. Yayana ya jera sauran bulo ya yi matakala, muka kama ta ta hau. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ɗumin ya ratsa ta, ta saki wata doguwar ajiyar zuciya. Sannan ta leƙo mu daga sama ta ce yau ta ga tsakiyar kan kowa, kuma Baba ya fara sanƙo bai gaya mata ba.

Kuskuren ya yi mana rana. Da yake cikin gadon ƙato ne, yana cin duwatsu da yawa, shi kansa ya zama murhu, bangonsa na fitar da ɗumi har ƙofa. Da daffaya ɗaya a gefe, ɗakin ya zama wurin da kowa ke neman dalilin shiga. Kyanwa ta tare a matakala.

Ranar Alhamis tun safe muke gasa duwatsu a rabin ganga a tsakar gida, ni da yayana muna kinkimar kaskon ƙarfe muna kaiwa. Tsoro ya sa muka wuce gona da iri, har gumi ya fara keto mana. Bayan la'asar Baffa ya iso, ya tuƙo tun daga Jidda bai tsaya ba. Na leƙa motar na ga ya jera matasai da bargo a kujerar baya, da shirin ɗaukarta ya zo. Ya fito cikin farar rigarsa shara-shara ta mutanen bakin teku, kafin ya ƙetare tsakar gida haƙoransa sun fara haɗuwa. Ya ce da Baba, "Ka gani? A nan kuke son ku bar ta?"

Ya yi sallama ya shiga ɗakin, muka bi shi a baya kamar jela. Ya durƙusa a inda ya saba durƙusawa, ya ɗaga kai bai ga kowa ba sai bangon yumɓu. Ya ƙara ɗagawa, can sama ga uwarsa ta juya fuska ga bango tana amsa gaisuwa.

"Wannan fa?" ya tambaya.

Kowa ya cusa mayafi a baki. Ya gyara murya ya fara, "Inna, likita ya ce ƙirjinki ba ya son..."

Kaka ta katse shi, amma da ni take magana. "Ke, gaya wa mutumin Jidda tayil da sanyi. Ya hau ya zauna."

Na gaya masa, ko da yake ya ji. Ya yi turus, don tun da ya yi wayo bai taɓa zama shimfiɗa ɗaya da ita ba. Ya tattare riga ya hau matakala, ya ɗosana a can ƙarshen gadon wajen ƙafafunta. Umma ta miƙa masa shayi da na'ana'a, sai da ta yi ɗage. Ya ci gaba da jawabin da ya shirya a hanya, cewa wata biyu ne kawai, ɗakinta na can an gyara, da zarar sanyi ya wuce shi da kansa zai dawo da ita. Yana magana ɗumin na hawa jikinsa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya jingina da bango, ya ce Jidda akwai likitoci, ya yi hamma, ya ce akwai likitoci ƙwarai. Kofin ya karkace, na yi maza na karɓe. Kafin mu ankara Baffa ya yi barci, baki a ɗan buɗe, har da minshari.

Sauran suka fice da gudu don kada dariya ta tashe shi, ina jin su a tsakar gida suna shessheƙa. Ni na tsaya tattara kofuna. Sai na ga Kaka ta juyo daga bango a hankali. Ta dubi fuskarsa. Ta daɗe tana kallo, tun daga furfurar gemunsa har goshinsa, kamar mai biyan kallon shekara sittin a zama ɗaya. Sannan ta janye bargon da ke kafaɗarta, wani tsohon ja mai kauri da ba ta yarda kowa ya taɓa, ta rufa masa, ta cusa gefen a ƙarƙashin ƙafafunsa yadda ake yi wa jariri. Dariyar da ke cikina ta tsaya. Ta ɗago ta gan ni.

"Me kike kallo? Je ki ƙaro dutse."

Kiran sallar magariba ne ya tashe shi. Ya dubi bargon, ya san na wace ce. Ita kuwa ta riga ta koma ga bangonta tana jan carbi. Ya ninke shi a hankali ya ajiye kusa da ita, ya sauko. A bakin ƙofa ya tsaya, shi ma bango ya kalla.

"Inna, gobe bayan Juma'a zan koma. Ko da saƙo?"

"Ke," in ji Kaka, "gaya masa Allah ya kiyaye hanya."

Ya koma da matasansa a kujerar baya. Tarin ya lafa kafin sanyin ya wuce. Daga shekarar nan, duk hunturu sai Baffa ya zo, wai ya zo duba ko gadon ya tsage, ya hau ya yi barcin la'asar ya tafi.

Kaka ta ƙara shekaru masu ɗan dama. Ba sanyi ne ya ɗauke ta ba, a tsakiyar bazara ta rasu, a kan gadon nan, mukayyif na ta ruri a bango. An yi mata salla a Harami aka wuce da ita Baƙi'a. Mata ba sa shiga, don haka a bakin shinge na tsaya ina hango su cikin rana, na ga Baffa ya tuɓe takalmi ya sauka cikin kabarin ya karɓe ta. Da aka zo raba 'yan kayanta aka ce shi ne babba ya fara zaɓa, jan bargon nan kawai ya ɗauka, ya tafi da shi Jidda inda ba a rufa da bargo.